Daga Shagon Kayan Babur a Garwa Zuwa Aikin Tafinta a Minawao

Ni haifaffen Garwa ne, unguwar Hausare, kuma kamar sauran yaran unguwarmu da harsuna huɗu na tashi. Hausa a cikin gida, Fillanci da zarar ka leƙa waje ko ka shiga kasuwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci a makarantar boko. Ingilishi shi ne na biyar, shi ne kuma baƙo a cikinsu. A takarda Kamaru tana da harsunan gwamnati biyu tun 1961, lokacin da yankin Bamenda da Buya suka haɗe da ɓangaren da Faransa ta mulka. Amma mu a arewa, a jikin allunan ofisoshi muka fi ganin wannan magana. A lokacin ƙuruciyata kana iya yin mako guda a Garwa ba ka ji cikakkiyar jimlar Ingilishi ba, in ba rediyo ka kunna ba.

A makaranta ana koya mana shi 'yan awoyi a mako. Malam ya rubuta kalma a allo, ya sa ma'anarta da Faransanci, sannan ya jera mata 'yan uwa: big, large, huge, great. Mu kwafa, mu haddace, mu zuba a takardar jarrabawa. Ban ga laifin malaman ba. Aji ya cika maƙil, mutum huɗu a benci ɗaya, littafi ɗaya tsakanin yara da yawa, to wace hanya ce ta rage masa in ba allo da hadda ba? Da haka na ci jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a 2007. A shekarar ne Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Maɗinki ne, da keken ɗinkinsa yake ciyar da mu, kuma ni ne babba. Karatu ya tsaya nan.

Wani maƙwabcinmu ya kai ni wurin wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur kusa da babbar kasuwa. Kayansa daga Nnewi da Anacha suke zuwa, su biyo ta Yola ko ta Mubi. Aikina in tsaya tsakaninsa da masu saye. Ɗan acaɓa ya zo ya ce a ba shi buji, maigida kuwa fulogi ya sani. Wani ya zo da Fillanci, wani da Faransanci, shi kuma maigida da Turancin buroka yake magana, in ransa ya ɓaci ya koma harshensu. Cikin 'yan watanni burokan ya zauna a bakina. Ba na raina shi har gobe, harshe ne mai cin gashin kansa, kuma shi ya cire mini tsoron buɗe baki. Sai dai in takardar kaya ta zo, ko wasiƙa daga masu aiko da kaya, sai in ga ina gane kalmomin ɗaya bayan ɗaya amma ban san inda maganar ta dosa ba, ban san ko lallashi ake yi ko barazana ba. Abin ya riƙa ci mini rai, don na san ba ƙwaƙwalwa na rasa ba.

Mahaifiyata ce ta ce in je wurin wanta. Kawu a Abakwa ya girma, tsohuwar unguwar Hausawa ta Bamenda, don kakanmu falken shanu ne, a can ya bar shi ya yi karatu. Da Ingilishi ya yi makaranta tun daga tushe, ya yi aikin akawu a gidan waya har ya yi ritaya ya dawo Garwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, kullum yana zaure da rediyonsa da tabarau ɗaure da zare.

Na je masa da littafina cike da jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, waɗanda na kwafo tun daga makaranta na kuma ƙara da nawa. Ya buɗe, ya duba shafi biyu ko uku, ya rufe ya ajiye a gefen tabarma.

Ya ce, "Ɗana, in akuyar gidanku ta kwana ba ta tashi ba, me za ka shiga ka ce wa innarka?"

Na ce, "Ta mutu, Kawu."

"To mahaifinka fa, Allah ya jiƙansa?"

Na ce, "Ya rasu."

"In a fadar Lamiɗo aka aike ka da labarin wani babban malami fa?"

Na ce, "Sai in ce ya riga mu gidan gaskiya."

Ya ce, "Wa ya rubuta maka waɗannan a allo ka haddace?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "A bakin mutane ka ji su, kowace a muhallinta. Kama da wane ba ta wane. Su ma masu Ingilishi haka suke. Suna da die, suna da pass away, suna da perish, kuma wanda ya musanya su ya yi rashin ladabi ko da nahawunsa daidai yake."

Daga ranar ya kafa mini ƙa'ida. Ba zai amshi kalma daga hannuna ita kaɗai ba. Sai na kawo ta da jimlar da na tsince ta a ciki, in faɗi wanda ya furta ta, da wanda aka faɗa wa, da kuma ko cikin fushi ne ko cikin girmamawa. In ban san waɗannan ba sai ya ce kalmar ba ta zama tawa ba tukuna, in mayar da ita inda na ɗauko. Ya ba ni aron ƙamusunsa, irin na masu koyo wanda ke fassara Ingilishi da Ingilishi mai sauƙi ya kuma kawo misalai. Bangonsa ya daɗe da tafiya, wani baduku ya yi masa sabo da fata. Ƙamusun Ingilishi da Faransanci kuwa ya ce kada in buɗe sai hanya ta ƙure, don shi kalma ɗaya zai miƙo mini in ɗauka na gama. Akwai wani littafin a akwatinsa, irin wanda ke tara kalmomi masu kusancin ma'ana wuri guda, wanda wani likita ɗan Ingila mai suna Roget ya fara bugawa a 1852. Wannan sai da na yi nisa ya bari na taɓa. Ya ce amfaninsa ya tuna maka kalmar da ka riga ka sani ta kuɓuce maka, ba ya gabatar da kai ga wadda ba ka taɓa haɗuwa da ita ba.

Wani abu da ya bayyana mini ya sauƙaƙa mini rabin aikin, kuma ina ganin duk ɗan arewacin Kamaru ko ɗan Chadi da ya yi karatu da Faransanci ya kamata a gaya masa tun a aji na farko. A 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Shekaru ɗaruruwa bayan nan Faransanci ne harshen fada da kotu da manyan gidaje, talakawa kuma suna kan harshensu na gado. Shi ya sa Ingilishi ke da kalmomi bibbiyu ko uku ga abu ɗaya. Dabbar da makiyayi ke kiwo cow ce, naman da aka kai teburin masu mulki beef. Tunkiya sheep, namanta mutton. Haka begin da commence, buy da purchase, help da assist, ask da interrogate. Ta farkon gajeriya ce, ta cikin gida da kasuwa. Ta biyun mai kama da Faransanci ita ce ta ofis da takarda da gaban alƙali. Nan na gane dalilin da ya sa mu 'yan makarantar Faransanci muke iya karanta rahoton gwamnati mu fahimta, amma direba ya yi mana magana mu tsaya muna kallonsa. Manyan kalmomin kyauta muka same su. Ƙananan ne ke kayar da mu, musamman in sun haɗu biyu suka haifi ma'anar da ba ta cikin kowace: give up, put off, turn down, run out. Waɗannan ba su da wata dabara, sai ji da maimaici.

Sannan akwai masu kama da Faransanci a fuska amma ma'anarsu daban. Demander roƙo ne ko tambaya, demand kuwa nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi. Librairie kantin littattafai ne, library ɗakin karatu. Actuellement yanzu, actually a gaskiya. Na ga wasiƙun neman aiki da yawa da samarinmu suka rubuta suna nufin roƙo, mai karantawa kuma ya ga umarni.

Rediyo ce ta zama makarantarmu ta dare. Ƙarfe takwas da rabi mu saurari BBC Hausa, in an gama Kawu ya murɗa zuwa sashen Ingilishi mu ji labaran duniya. Da yake na riga na san abin da ya faru, hankalina ba ya kan labarin, yana kan kalmar da suka zaɓa. Me ya sa yau suka ce killed, jiya suka ce murdered, ga wani shugaba kuma suka ce assassinated? Me ya sa wani said ya yi, wani claimed, wani admitted? Kawu ya nuna mini cewa in ɗan jarida ya ce claimed, to ya janye jikinsa daga maganar, in ya ce admitted kuwa ya nuna akwai abin da mutumin ya so ɓoyewa. Haka muka yi shekaru. Da rana ina shago, da dare ina zaure.

Sai rikicin Boko Haram ya ci iyaka. A 2014 Gwoza ta faɗa hannunsu, sai Bama, sai Mubi. Hanyoyin kaya suka mutu, maigidana ya rufe shago ya koma kudu. Muka rabu lafiya, har ya bar mini ɗan jari, amma kasuwar babu. Ina zaune sai wani abokina da ke Marwa ya aiko mini cewa wata ƙungiyar agaji na neman masu jin Hausa da Fillanci da Faransanci da Ingilishi, don aiki a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Na je aka gwada ni baki da baki, aka ɗauke ni a 2015.

An buɗe sansanin ne a 2013. In ka bar Marwa ka kama hanyar Mokolo, a Zamai za ka ratse. Fili ne fetal a gindin duwatsun Mandara, farin tanti iya ganinka, ga ƙura, ga layin jarkoki a bakin famfo tun kafin gari ya waye, ga mata suna tafiya mai nisa neman itace. Dubun dubatar mutane ne, akasarinsu daga jihar Borno, wasu Barebari, wasu mutanen duwatsun Gwoza masu harsunansu, Musulmi da Kirista. Hausa ce ta haɗa su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Gwoza da Bama su ma can da Kamaru ake kiransu, a ƙarƙashin rainon Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya zaɓi Najeriya. Jikokin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar ne suka tsallako da ƙafa.

Ma'aikatan da nake yi wa tafinta wasu daga gabashin Afirka suke, wasu Turawa, wasu 'yan Bamenda. Suna tambaya da Ingilishi, suna cike fom da Ingilishi, kuma abin da na faɗa shi ke shiga takarda. A nan ne karatun zauren Kawu ya tashi daga sha'awa ya koma amana.

Wata safiya aka shigo da wata mata da za ta yi sa'ar mahaifiyata, da yara uku. Ta zauna a gefen benci, ta juya fuska gefe, tana murza bakin mayafinta. Jami'ar da nake tare da ita ta tambayi inda mijinta yake. Na ce, "Inna, ana tambayar maigida." Ta ce, "Ya tafi." Ta yi shiru.

Fassarar da ke kusa ita ce he left. Da na faɗe ta ba wanda zai ce na yi ƙarya, amma a kunnen jami'ar za ta zama miji ne ya tsallake ya bar iyalinsa. Ni kuwa na san matanmu. Na san kunya, na san mace ba ta kama sunan mijinta, na kuma san akwai abin da baki ke ƙin furtawa don kada ya tabbata. Na roƙi jami'ar ta ba ni izinin sake tambaya. Na sassauta murya na ce, "Inna, ki yi haƙuri, da ƙafarsa ya tafi, ko tafiya aka yi da shi?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, da dare suka zo. Suka fito da mazan, suka shiga da su daji." Na ce, "Kin sami labarinsa tun daga nan?" Ta girgiza kai. Na ce, "Akwai wanda ya ga gawa?" Ta ce, "Ba wanda ya gani. Ban yi takaba ba."

Na juya na gaya wa jami'ar abducted, kuma har yanzu missing, ba a tabbatar da mutuwa ba. Lost ba ta dace ba, don a Ingilishi in mace ta ce ta yi lost ɗin mijinta, rasuwa ake fahimta. Da an rubuta ta a matsayin wadda miji ya rasu, da ba a buɗe masa takardar nema ba. Da an rubuta ya gudu ya bar ta, da an ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Saboda kalmar da aka rubuta, an tura sunansa ga ma'aikatan Red Cross masu neman waɗanda suka ɓace.

Ba mu gama ba. Da aka zo kan yaran ta ce duka nata ne. Na lura babban yana tsaye nesa kaɗan, kuma biyu daga cikinsu kusan kai ɗaya suke. Na ce, "Inna, Allah ya raya su. Duka ke kika haifa?" Ta ce wancan ɗan abokiyar zamanta ne, a gudu suka rabu da uwar, ita ta riƙo hannunsa. "Ai ɗana ne," ta ƙara. Gaskiya ta faɗa, a wurinmu ɗanta ne. Amma masu aikin kula da yara suna da kalmomi uku da ba sa haɗawa. Separated shi ne yaron da ya rabu da iyayensa amma yana hannun wani babba na danginsa. Unaccompanied shi ne wanda ba shi da wani babba da ke da alhakinsa ko kaɗan. Orphan kuwa a ƙa'idarsu sai an san uwa da uba duka sun rasu, alhali mu maraya muke ce wa yaron da ya rasa uba ko da uwarsa na raye. Yaron nan separated ne. An bar shi a hannun matar, inda hankalinsa yake kwance, aka kuma shiga neman mahaifiyarsa. Na bar sansanin ban ji ƙarshen labarin mijin ba. Yaron dai an gano uwarsa a wani sansani a Maiduguri, na kuma tsaya a wurin ranar da aka haɗa su a waya.

Irin wannan kullum ne. Refugee shi ne wanda ya ƙetare iyakar ƙasa, kuma yana da kariya ƙarƙashin yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Wanda ya gudu daga Kolofata zuwa Mora bai fita Kamaru ba, displaced ne, hukuncinsa daban, mu kuwa duka 'yan gudun hijira muke cewa. A watan Maris na 2017 Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a yarjejeniyar mayar da mutane gida, kuma dukkanta a kan kalmar voluntary ta tsaya. Dattijo zai ce maka, "To, in an ce mu koma sai mu koma." Wannan ba son rai ba ne, miƙa wuya ne, kuma tafintan da ya fassara shi da he agrees ya zalunce shi. Dole ka zauna ka warware masa cewa ba umarni ba ne, zaɓi ne, yana da ikon cewa a'a, sannan ka kai amsar da ya bayar bayan ya fahimta. Na ga tafintoci masu saurin baki da suka fi ni lafazi mai daɗi, amma sauri a wannan aiki ba alheri ba ne. Mutumin da ke gabanka ba ya jin abin da kake faɗa da sunansa, ba shi da hanyar gyara maka. Kai da Allah ne kawai kuka san ko ka isar.

Da nake can, duk dare ina rubuta jimlolin da suka ba ni wahala, in na zo hutu in kai wa Kawu mu tattauna. Ya rasu a 2019, Allah ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makomarsa. 'Ya'yansa suka bar mini ƙamusun.

Na dawo Garwa gaba ɗaya bayan na yi aure, don mahaifiyata ta tsufa. Yanzu ina fassarar takardu ga 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, da yamma kuma ina koyar da Ingilishi a zauren gidanmu. Ɗalibaina akwai 'yan lise, wato babbar sakandare, masu shirin bakaloriya, jarrabawar kammala ta, akwai masu neman shiga gasar aikin gwamnati, akwai 'yan kasuwa masu zuwa Yola da Kano. A watan Janairun 2022, da aka buga wasannin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suka sauka a garinmu, wasu daga cikin ɗalibaina sun sami aikin rakiyar 'yan jarida da baƙi, suka dawo da kuɗi da kuma ƙwarin gwiwar da ban taɓa gani a fuskarsu ba.

Kusan kowannensu yana zuwa da manhaja a waya mai jero kalmomi da takwarorinsu, a danna a ci maki. Ba na hana su. Tana taimakawa ga jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, kuma da a zamaninmu akwai ta da na yi murna. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya ɗauko doguwar kalma daga jeri ya dasa a wasiƙa don ta fi burgewa. Sharaɗina ɗaya ne, kowace kalma ta zo da jimlarta da mai faɗinta. Na kuma ƙara wani abu nawa: kafin mu taɓa kalmomin Ingilishi, sai sun kawo mini na Hausa ko na Fillanci a kan abin, sun bambance su da kansu. Yaron da ya iya raba fushi da haushi da ɓacin rai da hasala ba ya shan wuya wajen raba angry da annoyed da upset da furious. Wanda kuwa bai taɓa tsayawa ya saurari harshen uwarsa ba, sai na fara da shi daga can.

A bana 'yan mata biyu da ke aiki a wata cibiyar lafiya suka shigo ajin. Likitocin da ke zuwa musu daga waje suna tambayar irin ciwon da mara lafiya ke ji, ko sharp ne, ko dull, ko throbbing, ko burning, su kuma abin da suke iya mayarwa shi ne pain kawai, alhali tsohuwar da ke kwance ta faɗa musu dalla-dalla: zogi ne, ko suka, ko raɗaɗi, ko murɗa, ko kuma jiki ne ya yi tsami. Kowanne yana iya nuna wa likita wata cuta daban. Mun raba shafi biyu mun fara tarawa, na ce su riƙa rubuta maganar marasa lafiya yadda ta fito daga bakinsu, ba tare da suna ba, da wurin da suka dafa a jikinsu lokacin da suke faɗa. Ranar Asabar za su kawo na makon nan, kuma na roƙi wani ma'aikacin jinya ɗan Kumbo, ta yankin masu Ingilishi, da ke zaune a unguwar Yelwa ya zo ya zauna da mu, don akwai kalmomin asibiti da ya fi ni sanin inda ake sa su.